Ranar da Dare da Yini Ke Daidaita: Daga Mahaɗar Nilu Zuwa Sauran Duniya

(Kiɗan buɗe shiri)

Wannan shiri na jama'a masu sauraro ne, musamman Hausawa mazauna Khartum da Umdurman da Bahri, da na Mai Wurno da Gadarif da sauran garuruwan Sudan, da kuma 'yan'uwansu na Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi. Shirin faɗakarwa na yau zai yi bayani ne a kan ranaku biyu na shekara waɗanda tsawon dare da na yini ke kusan daidaita a cikinsu a ko'ina a doron ƙasa, abin da malaman falaki, wato masana tafiyar rana da wata da taurari, ke kira i'itidali da Larabci. Shirin zai fayyace dalilin aukuwar hakan, ya duba matsayin waɗannan ranaku a rayuwar mutanen da ke zaune inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, sannan ya leƙa wasu al'ummomin duniya da suka mayar da su bikin shekara, kafin ya dawo kan amfanin da mai sauraro zai iya samu daga wannan ilimi a tsakar gidansa.

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin sa'o'i 24, wanda shi ke haifar da dare da yini, tana kuma kewaya rana sau ɗaya cikin kwanaki 365 da kusan rubu'in kwana, wanda shi ne shekarar shamsiyya. Layin da masana ke ƙaddarawa ya ratsa tsakiyar duniya daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, wanda a kansa take juyawa, a karkace yake da kimanin digiri 23 da rabi, kuma wannan karkata ita ke sa rabin duniya na arewa ya fi samun rana daga watan Maris zuwa Satumba, rabin kudu kuma ya karɓi rabonsa a sauran watannin. Sau biyu a shekara, galibi ranar 20 ga Maris da ranar 22 ko 23 ga Satumba, rana takan tsaya daidai saman ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, ta yadda haskenta ke rabuwa tsakanin arewa da kudu ba tare da fifiko ba. A waɗannan ranaku rana takan fito daga tsantsar gabas ta faɗi a tsantsar yamma, ko mutum yana Umdurman ko yana Landan. Daidaiton bai cika cif ba, domin ana ƙidaya fitowar rana tun daga lokacin da gefenta na sama ya ɓullo, kuma iskar da ta lulluɓe duniya takan lanƙwasa haske ta nuna rana kafin ta hau sosai, shi ya sa yinin wannan rana a Khartum kan zarce sa'o'i 12 da kimanin minti bakwai.

Girman abin da mutane ke ji a jikinsu game da wannan rana ya danganta da nisansu daga ikwaita. A ƙasashen da ke can arewa, inda yinin hunturu ke taƙaita ƙwarai, ƙasa ta daskare, itatuwa su zubar da ganye, daidaiton Maris albishir ne na dawowar ɗumi da tsiro. Khartum kuwa tana kan digiri 15 da rabi ne arewa da ikwaita, Kano tana kan digiri 12, saboda haka yini mafi tsawo a Khartum, wanda ke zuwa a watan Yuni, sa'o'i 13 ne da 'yan mintoci, mafi gajarta kuma, a watan Disamba, ya ɗan haura sa'o'i 11. Tazarar da ba ta kai sa'o'i biyu ba a tsawon shekara ba ta isa ta juya rayuwar manomi ko makiyayi ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa Bahaushe da Basudane ba su kafa wani biki na gargajiya a kan wannan rana ba. Abin da ke raba musu shekara shi ne ruwa da zafi da iska. Bahaushe yana da bazara da damina da kaka da rani, tare da hunturu a cikinsa, mutanen Sudan kuma suna da saif, lokacin tsananin zafi, da kharif, wato damina, da darat, wanda ya yi daidai da kaka, da shita, lokacin sanyi. Daidaiton Maris a Khartum yakan zo ne a bakin ƙofar saif, lokacin da iskar arewa mai sanyi ke janyewa, zafi kuma ke hawa har ya haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu.

Daidaiton Satumba ya fi kusa da zuciyar manomin Sudan, ko da yake da wani lissafi yake gane lokacin. Manoma da makiyaya sun gaji ƙidayar da suke kira ina, wadda ta samo asali daga manazili 28, wato masaukan wata a cikin taurari, waɗanda malaman ƙasar Hausa ma suka sani suke kuma karantarwa. Kowace ina kwana 13 ce, in ban da Jabha mai kwana 14, wanda idan aka tara ya ba da kwanaki 365. Inonin damina sun haɗa da Dura'a da Natra da Ɗarfa da Jabha da Khairasan da Sarfa da Awwa da Simak, kuma daidaiton Satumba yana faɗowa ne a kusa da ƙarshen wannan jeri, lokacin da ruwan sama ke ja baya, dawa ke nuna, ambaliyar Shuɗin Nilu da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha kuma ta wuce ƙololuwarta ta fara sauka. Saukar ruwan ita ke barin laka mai albarka a gaɓar kogi, wadda ake kira juruf, inda manoman tsibirin Tuti da ke tsakanin biranen uku suka daɗe suna shuka kayan lambu. A daidai wannan tsakani ne Ƙibɗawa, wato Kiristocin cocin Masar, ke shiga sabuwar shekararsu ranar 11 ga Satumba, Habashawa ma haka, sannan Habashawan su yi bikin Maskal ranar 27 ga watan, lokacin da daminarsu ke ɗaukewa.

(Gajeren kiɗa)

Duk da rashin bikin gargajiya na wannan rana, akwai biki ɗaya da aka sani a Khartum da Umdurman wanda igiyarsa ke ɗaure da daidaiton Maris, shi ne Shammun Nasim, sunan da ma'anarsa ita ce shaƙar iska mai daɗi. Asalinsa daga Masar ne, inda masana da dama ke danganta shi da Shemu, sunan da Misirawan zamanin Fir'aunoni ke kiran lokacin girbi da shi, kuma ya bi kogi ya iso Sudan tare da daɗaɗɗiyar cuɗanyar ƙasashen biyu da zaman Ƙibɗawa, waɗanda unguwar Masalma ta Umdurman, mai tarihi tun zamanin Mahadiyya, ta shahara da su. A wannan rana iyalai kan fita tun da sassafe zuwa bakin kogi da lambuna, ɗauke da dafaffen ƙwai da aka rina launi-launi, da ɗanyar albasa, da fasikh, wato kifin da aka adana cikin gishiri, kuma Musulmi da Kirista duka sun saba fita.

Yadda ake tsayar da ranarsa ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne ilimin falaki ya shiga lissafin addini. Shammun Nasim yana faɗowa ne ranar Litinin da ke bin Ista ta Ƙibɗawa. Ƙa'idar da ta kafu a tsakanin Kirista bayan taron manyan limamansu a garin Nikiya a shekarar 325, wadda cocin Iskandariyya ya ƙware wajen lissafa ta, ita ce Ista ta kasance Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar daidaiton Maris ko bayanta, aka kuma kafe ranar daidaiton a 21 ga Maris. Sai dai kalandar Rumawa ta wancan zamani, wadda ake kira Yuliyasiyya, tana ƙara wa shekara kimanin minti 11 fiye da ainihin tsawonta, kuma waɗannan mintoci sun taru har suka zama kwana goma a ƙarni na 16. Wannan ne ya sa Paparoma Giregori na 13 ya yi gyara a shekarar 1582, aka tsallaka daga 4 ga Oktoba zuwa 15 ga Oktoba, aka samu kalandar Miladiyya da ofisoshi ke aiki da ita a yau. Cocin Ƙibɗawa ya ci gaba da tsohon lissafi, wanda a yanzu ke bayan sabon da kwana 13, ta yadda ranar 21 ga Maris ɗinsu ta zama 3 ga Afrilu. Sakamakon haka Shammun Nasim yakan faɗo tsakanin farkon Afrilu da farkon Mayu, wato a tsakiyar zafin Khartum, kuma wannan shi ke bayyana dalilin sammakon masu fita da neman inuwar bakin ruwa. A shekarar 2023 ranar ta kama 17 ga Afrilu, kwana biyu bayan ɓarkewar yaƙin da ya soma a Khartum ranar 15 ga watan, a goman ƙarshe na azumin Ramadan, yaƙin da ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, Musulmi da Kirista, har da Hausawan da kakanninsu suka zauna a biranen tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa.

Idan aka bar kwarin Nilu aka nufi gabas, babu al'ummar da ta girmama daidaiton Maris kamar Farisawa da maƙwabtansu. Bikin Nairuz, wanda ma'anarsa ita ce sabuwar rana, shi ne farkon shekara a Iran, ana kuma yin sa a Afganistan da Tajikistan da Azarbaijan da yankunan Kurdawa, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da 21 ga Maris a matsayin ranarsa ta duniya a shekarar 2010. Kalandar Iran tana ƙidaya shekaru daga Hijira, amma da tafiyar rana, kuma tushenta na komawa ga gyaran da aka yi a shekarar 1079 a zamanin Sarki Malik Shah na daular Saljuƙawa, inda masana, ciki har da Umar Khayyam, suka ɗaure farkon shekara da ainihin lokacin daidaiton da ake aunawa, domin kada ta riƙa zamewa daga muhallinta. Iyalai kan share gidaje, su jera abubuwa bakwai da sunayensu ke farawa da harafin sinun, kamar tsiron alkama da tufa da tafarnuwa, su ziyarci dangi tun daga dattawa, a rana ta 13 kuma su fita daji su yini, al'adar da ta yi kama da fitar Shammun Nasim.

A Japan ranakun daidaito biyun duka hutu ne na hukuma tun shekarar 1948, kuma kowace tana tsakiyar mako guda da ake kira Higan, wanda iyalai ke ziyartar kaburburan magabatansu a cikinsa, su share su, su kai furanni. Tushen al'adar yana cikin addinin Buda, wanda wasu mabiyansa suka yi imani cewa gidan tsira yana yamma, don haka ranar da rana ke faɗuwa a tsantsar yamma ta zama musu lokacin tuna mamata. A ƙasar Sin manoma sun raba shekarar shamsiyya kashi 24, biyu daga ciki su ne daidaiton Maris da na Satumba, kuma tun daga 2018 gwamnati ta ware daidaiton Satumba ya zama ranar bikin girbi ta manoma. Indiya ma, a kalandarta ta ƙasa da ta soma aiki a 1957, tana fara shekara ne ranar 22 ga Maris, ko 21 a shekara mai ƙarin kwana.

Wasu al'ummomin kuwa a jikin gini ake ganin alamar. A Cicen Itza da ke ƙasar Meziko, kabilar Maya ta gina dala mai matakala 91 a kowane ɓangare na huɗu, waɗanda idan aka haɗa da dandamalin sama suka zama 365, kuma da yammacin ranakun da ke kewaye da daidaito inuwar kusurwar ginin takan sauka a gefen matakalar arewa cikin siffar maciji mai gangarowa, abin da ke tara dubban baƙi kowace shekara, ko da yake masana tarihi na da saɓani a kan ko maginan sun nufi hakan. A Kambodiya, mai tsayawa a mashigar yamma ta haikalin Angko Wat, wanda aka gina a ƙarni na 12, yakan ga rana ta ɓullo a kan hasumiyar tsakiya da safiyar daidaito. Ambaton waɗannan al'adu bayani ne na tarihin al'ummomi, hukuncin halartar irinsu kuma magana ce ta malaman fiƙihu, domin idin Musulmi biyu ne, kuma da ganin wata ake tsayar da su, shi ya sa suke zagaya dukkan lokutan shekara.

(Gajeren kiɗa)

Rashin biki a ƙasar Sudan da ƙasar Hausa bai hana wannan rana samun gurbi a tarihin iliminsu ba. Kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, kusa da Shandi, akwai kufan Marawi ta dā, wato Meroe, babban birnin daular Kush, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Masanin ƙasa Bagirke mai suna Sitrabo ya ruwaito cewa wani matafiyi mai suna Filo, wanda ya zo daga Masar tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya rubuta cewa rana kan tsaya a tsakar ka a Meroe kwana 45 kafin yini mafi tsawo, ya kuma auna tsawon inuwar sanda a wurin a ranakun daidaito. Da irin wannan awo ne masanan Girka suka raba duniyar da suka sani zuwa iƙlimai bakwai, wato yankuna masu bin tsawon yini, na farko shi ne wanda ya ratsa Meroe mai yinin sa'o'i 13, rabon da masana ƙasa na Musulmi suka gada suka faɗaɗa. Kayan aikin da aka yi wannan ilimi da su sanda ce da inuwarta.

Wannan awo yana hannun kowane mai sauraro. Idan aka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a Umdurman ranar daidaito, aka bi inuwarta har ta kai iyakar gajartarta da tsakar rana, za a same ta ta nufi arewa da tsawon kimanin santimita 28, a Kano kuwa kimanin santimita 21, kuma bambancin nan shi ne bambancin nisan garuruwan biyu daga ikwaita. Wannan inuwa ita ce malaman fiƙihu ke kira inuwar zawali. A mazhabar Malikiyya, wadda Sudan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, lokacin azahar na shiga ne idan inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta gama gajarta, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Ladanan dā, kafin agogo ya yawaita, da tafin ƙafa suke aunawa, bisa ƙiyasin cewa tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne, don haka inuwar zawali a ranar daidaito ƙafa biyu ce a Khartum, ɗaya da rabi a Kano. Daga daidaiton Maris inuwar kan ci gaba da raguwa har ta ɓace ƙarƙashin mai ita a farkon watan Mayu a Khartum, ta koma kudu na ɗan lokaci, ta sake ɓacewa wajen 10 ga Agusta.

Amfani na biyu ya shafi alƙibla. A bakin Bahaushe gabas da alƙibla sun zama kalma ɗaya, har akan ce mutum ya kalli gabas idan ya tayar da salla. A Kano alƙibla tana kimanin digiri 22 arewa da tsantsar gabas, kusa da inda rana ke fitowa a watan Yuni. Amma mahajjatan da suka taka ƙasa daga Kano ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har Umdurman, da jama'ar da ta bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, sun iso ƙasar da Makka ke arewa maso gabas da ita sosai. A Khartum alƙibla ta karkata da kimanin digiri 41 daga tsantsar gabas zuwa arewa, ta yadda rana ba ta taɓa fitowa daga saitinta a kowane wata na shekara. Saboda haka wanda ya tsaya a gaɓar Umdurman da safiyar daidaito, ya ga rana ta ɓullo ta hayin kogi, ya samu tsantsar gabas, abin da mutanen Sudan ke kira sabah, kuma daga nan sai ya juya hagu kusan rabin tazarar da ke tsakaninsa da arewa kafin ya fuskanci Ka'aba. Wannan sani yana da muhimmanci ga mai gina masallaci ko haƙa kabari, haka nan ga wanda gudun hijira ya kai wurin da babu mihrabi kuma babu wayar da za a duba.

Daga dukkan abin da ya gabata, mai sauraro zai lura cewa lokacin ɗaya ne ga duk duniya, amma kowace al'umma ta karanta shi gwargwadon ƙasarta: mutanen sanyi sun ga dawowar tsiro, Japanawa sun ga hanyar magabata, Ƙibɗawa sun ga ma'aunin idinsu, malaman Sudan da ƙasar Hausa kuma sun ga ma'aunin lokacin salla da jiha. Kira na musamman yana zuwa ga iyaye da malaman allo da na boko, a wannan zamani da yaƙi ya rufe makarantu masu yawa a Sudan, cewa darasin falaki na farko ba ya bukatar aji ko littafi. Idan 20 ga Maris ko 23 ga Satumba ta zo, a tara yara da hantsi, a kafa sanda, a sa tsakuwa a bakin inuwarta, a ƙara wata bayan kowace sa'a har la'asar, za su ga tsakuwoyin sun jeru a miƙe daga yamma zuwa gabas, abin da ba ya faruwa sai a waɗannan ranaku biyu. Yaron da ya ja wannan layi da hannunsa ya san gabas, ya san zawali, ya kuma san hanyar gano alƙiblarsa a duk inda Allah ya kai shi.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe, tare da addu'ar Allah ya dawo da zaman lafiya a Sudan, ya mayar da kowa gidansa, ya ba da damina mai albarka a kwarin Nilu da ƙasar Hausa baki ɗaya. 

(Kiɗan rufe shiri)